Mutumin da Ake Biya Ya Faɗi

Tsohuwar da nake kula da ita a unguwar Irving Park abu ɗaya take nema kafin kunnenta ya rufe: tana so ta sake jin muryar mahaifinta. Ta gaya min haka tun makon da na fara aiki a gidan, ina cikin yanke mata farce. Na ɗauka irin maganar tsufa ce, don ta haura tamanin da nisa, mahaifin kuma ya rasu tun tana 'yar firamare. Na ce Allah sarki, na ci gaba da abin da nake yi. Sai ta ce ba mafarki take nufi ba, muryar tana nan a ajiye, don ɗan fim ne.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu: wanka, magani, abinci, da hira in ana so. Daga Zariya na biyo maigidana garin Greensboro na ƙasar Amurka. Shi yana aiki a wani babban sito a bakin titin Wendover, kusa da inda muke haya, ni kuma kullum da safe in tuƙa mota zuwa unguwar masu hali, inda bishiyoyi suka fi mutane yawa a kan titi. Mama nake ce wa tsohuwar. Da farko ta ce in riƙa kiran sunanta gatsal yadda kowa yake yi, na ce bakina ba zai iya ba, ta haƙura.

Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Tun ina yarinya in aka buɗe min zance sai na ga ƙwal uwar daka. Da jin kalmar ɗan fim na ajiye abin yankan farcen, na fara jero tambayoyi. Jarumi ne? Shi yake auren yarinyar a ƙarshe? Mama ta yi dariya har da tari. Ta ce mahaifinta gajere ne mai sanƙo da manyan kunnuwa, ba wanda zai ba shi yarinya ko a fim. Irin 'yan wasan nan ne da kowa ya san fuskarsu amma ba wanda ya san sunansu. Nan take na gane, don mu ma muna da su a namu fina-finan, masu fitowa a maigadi ko direba, a yi dariya a wuce.

Abin da ta sani game da sana'arsa kaɗan ne, shi ma tsinto shi ta yi. Lokacin da fim ba ya magana, sai hoto mai motsi kawai, shi yana yawo gari gari yana wasan dandamali, ana biyan sa abin da bai kai ya kawo ba. Da aka ƙirƙiro yadda za a ji magana a fim, sai kyawawan jarumai da yawa suka shiga uku, don ashe kyan fuska daban, murya daban. Aka bazama neman waɗanda suka iya magana a gaban jama'a. Faɗuwar wani tashin wani, haka ya tattara ya tafi California. Can aka haife ta, can kuma ya rasu. Bayan rasuwarsa, mahaifiyarta ta ɗauko ta suka dawo North Carolina wajen danginta, mutanen coci masu ji da mutuncinsu, ta rufe wannan babi ruf. Ba a kallon fina-finansa, ba a zancensu. Ita ma Mama da ta auri ɗan babban gida sai ta ci gaba da yin shiru, don a unguwarsu ba a alfahari da uba mai ba da dariya.

Sai da tsufa ya zo sannan abin ya dawo mata. Ɗanta, wani dattijo mai ritaya da ke zaune a unguwar Sedgefield yana buga ƙwallon golf, shi ya bi ya tattaro fina-finan da aka san kakansa ya fito a ciki, ya zuba su a wata 'yar na'ura ya haɗa da talabijin. Matsalar ita ce idon Mama ya yi hazo, ba ta ganin rimot, kuma fim ɗin sai a yi nisa kafin mutumin ya leƙo na ɗan lokaci ya ɓace. Kafin a kai wajen ta yi barci. Shi ya sa ɗan nata ya ba ni kwafi, ya ce in duba a gida in gano inda yake fitowa, in na zo sai in kai ta wajen kai tsaye.

Wata ranar Asabar bayan la'asar na kunna na farko a falonmu. Hoton fari da baƙi ne, yana ta ƙyafta kamar fitilar da batirinta ya yi sanyi, ga wani shuu a ƙarƙashin maganar kamar ana ruwa a kan kwano. Can sai ga shi a bayan kantar wani otal, sanƙon yana sheƙi. Ya buɗe baki, sai wata siririyar murya ta fito ta hanci, tana rawa, kamar ta wanda aka ci wa bashi yana shirin kuka. Ban san lokacin da na yi murmushi ba. Yana cikin yi wa wani attajiri bayani, attajirin ya fusata ya danna masa hula har hanci, ya hankaɗa shi. Mutumin ya yi baya, ya ci karo da akwatuna, ya zube ƙasa ƙafafu a sama.

Maigidana yana gefe yana cin tuwo, ya tuntsire da dariya har ya kusa ƙwarewa. Ni kuwa murmushina ya ɗauke, don na tuna uban wace ce wannan.

Ina 'yar shekara bakwai ko takwas mahaifina ya taɓa faɗuwa da keke a ƙofar gidanmu, da damina, a gaban mutanen da ke zaune a dakali. Rawaninsa ya warware cikin caɓi. Ba wanda ya kalle shi. Mai shayi ya duƙufa kan tukunyarsa, masu hira suka ci gaba da hirarsu suna duban wani waje, har ya tashi ya kakkaɓe ya shige gida. Ni da na gani daga zaure, yayata ta juya min kai da hannunta. Ba a taɓa zancen ba, har ya bar duniya. Haka aka rene ni. Babba in ya faɗi ba a gani ba, balle a kira 'yarsa a ce zo ki kalla.

Na ce wa maigidana, "Ni fa ba zan nuna mata wannan wajen ba."

Ya ce, "Haba Hajiya, aktin ne fa. Job ɗinsa ke nan, biyan sa ake yi."

"Ko biyan sa ake yi, ubanta ne. Kai in Baba ne za ka so a kunna maka?"

Ya lashi yatsa, sannan ya ce, "To ke kika sani. Amma Turawan nan ba su da wannan kunyar taki, kada garin neman gira a rasa ido."

Ban saurare shi ba. Ranar Litinin na zaunar da Mama kusa da talabijin, na gyara mata abin jin da ke kunnenta, na kai ta daidai inda mahaifinta ya bayyana. Ta matso da fuska har tana neman taɓa gilashin. Ya yi maganarsa, kafin attajirin ya ɗaga hannu na danna rimot na tsayar.

Ta ja da baya ta jingina da kujera. Sannan ta ce, "Fuskarsa ce. Kunnuwan ma nasa ne. Amma wannan ba muryarsa ba ce, 'yar nan. Ta aro ce."

Na tambaye ta yaya tasa take. Ta ce mai kauri ce, daga can ƙasan ƙirji take fitowa, in ta zauna a cinyarsa a bayanta take jin ta kafin ta ji a kunne. Kuma ba mai yawan magana ba ne a gida. Zai dawo da yamma ya zauna a kujera yana ƙamshin man zafi, ya ce kalma biyu uku, shi ke nan. Ta ce har yau ba ta san dalilin da ya sa mai aikin magana yake shafa man zafi kullum ba. Ni na san dalili, don na ga akwatunan da ya faɗa a kai, amma ban gaya mata ba.

Haka muka shiga farauta. Duk ƙarshen mako in kalli ɗaya ko biyu a gida, in zo mata da wuraren da yake tsaye da mutuncinsa. Ya fito a mai kai abinci a gidan cin abinci, ya fito a mai yanka tikitin jirgin ƙasa, da akawun kotu, da baran gidan masu kuɗi, da wanzami, sau ɗaya har da mai ɗaura aure. Sutura tana canzawa, muryar hancin nan tana nan yadda take. Kuma kusan ko'ina ƙarshensa ɗaya ne. In ba a watsa masa miya ba an rufe ƙofa da hancinsa, in ba haka ba ya gangaro daga bene. Na ƙware da rimot har yatsana ya san lokacin da zai danna kafin idona ya gani.

Gaskiya ni ma abin ya shiga raina, ba don aikin kawai ba. Na fara lura da abubuwan da suka ɗaure min kai. Me ya sa a fina-finan farko kowa yake tsayawa ƙiƙam kusa da tebur, kamar an kafe shi? Me ya sa mahaifin Mama in zai yi magana sai ya ɗan karkata wajen tukunyar fure, ko wajen wayar tarho? Na tambayi ɗanta wata rana da ya zo da kayan cefane. Ya ce ai a lokacin makirufo ba ya jin nesa, sai a ɓoye shi cikin fure ko bayan wani abu a kan tebur, kowa ya zo kusa ya yi maganarsa. Da na koma gida na sake dubawa sai na ga ashe har faɗuwar ma lissafi ce. Duk inda aka hankaɗa shi, a gindin teburin nan yake ƙarewa, don a ji ƙarar. Kuma kullum kafaɗar hagu ce take fara taɓa ƙasa, haɓarsa a manne da ƙirji. Na kalli wata gangarowa daga bene a hankali, hoto bayan hoto, na ga yadda yake neman kowace matakala da tafin hannu kafin jikinsa ya iso. Mutumin nan ba wawa ba ne, gwani ne. Na ji ina girmama shi, na kuma ji haushin masu hankaɗa shi duk da na san wasa ne.

Wani abin da na lura da shi, in aka jera fina-finan daga na farko zuwa na ƙarshe, ana ganin yadda kasuwarsa take ja da baya. A na farko-farko har sunansa ake rubutawa, can ƙasa, kuma yakan yi magana mai ɗan tsawo. Daga baya fim ya waye, makirufo ya koyi bin mutane, jarumai suka iya magana, masu irin muryarsa suka yi yawa. Maganarsa ta koma jimla biyu, ta koma ɗaya. Sunan ya ɓace. Wuyansa ya fara saki, tafiyarsa ta yi nauyi. Faɗuwar ce kawai ba a rage masa ba.

Ita kuwa Mama kunnen yana ta tafiya. Likitan kunne ya ƙara wa abin jin ƙarfi har ya kai iyakarsa, ya ce mana siraran sautuka su ne suke fara guduwa. Tsuntsayen lambun gidan ta daina jin su. Ƙararrawar ƙofa ta daina ji. Ni kaina sai na sauke muryata ƙasa kamar ta namiji sannan take fahimta. Muryar hancin mahaifinta ma ta fara zame mata, sai ta ce min, "Me ya ce?" in maimaita mata. Duk da haka kullum sai ta saurara har ƙarshe, ko zai manta ya saki tasa ta gaskiya ko da a kalma ɗaya. In na tsayar sai ta girgiza kai ta ce mu gwada na gaba. Tausayinta ya riƙa kama ni, don ina ganin fina-finan suna ƙarewa, kunnen ma yana ƙarewa.

Ranar da na kalli na ƙarshe a gida jikina ya yi sanyi. Ko kalma ɗaya ba a ba shi ba. Ya shigo da tire cike da kofuna a wani ɗakin liyafa, wani saurayi ya miƙa ƙafa, ya tafi ƙasa da tiren gaba ɗaya. Ban ma bari ya gama faɗuwa ba na kashe. Ba abin da zan yanka in kai mata, don in an cire faɗuwar ba abin da ya saura.

Na yi tunanin in ce mata ba ya ciki, an yi kuskure. Amma ƙarya ga tsohuwa mai jiran ubanta ta fi ƙarfina, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na gama ba ta karin kumallo na jawo kujera kusa da kunnenta na dama, wanda ya fi ji.

Na ce, "Mama, saura ɗaya. Amma a ciki ba ya magana."

"To me yake yi?"

"Faɗuwa yake yi. Ana sa masa ƙafa."

Ta juyo da idanunta masu hazo wajena. "Faɗuwa?"

Na ce mata a yawancinsu ma haka ne, ana ture shi, ana watsa masa abu, ni ce nake tsayarwa kafin a kai wajen. Na gaya mata a garinmu ba a nuna wa 'ya inda aka wulaƙanta ubanta, ko da wasa ne, kuma ban ga yadda zan zauna kusa da ita muna kallon ana yi masa haka ba.

Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta yi wata 'yar dariya mara daɗi, ta ce, "Mahaifiyata ta ɓoye min shi don tana jin kunyarsa. Ke kuma kin ɓoye min shi don kina ganin girmansa. Ni dai har yanzu ban gan shi ba." Ta nuna talabijin da haɓa. "Kunna."

Na kunna, na ɗauko 'yar lasifikar da ɗanta ya saya na riƙe mata daf da kunne. Ni dai na kawar da kai, ina kallon labule. Na ji takunsa, na ji tiren ya tashi, kofuna sun watse, mutanen liyafa suna dariya. Yatsana yana kan rimot, da ƙyar na hana shi dannawa. Dariyar ta lafa. Babu kiɗa a wajen, sai shuu ɗin nan na tsohon fim. Na saci kallo. Jarumin da budurwarsa sun ci gaba da zancensu a gaba, shi kuma yana can gefen hoton, an manta da shi, yana ƙoƙarin tashi. Ya dafa gwiwa da hannu ɗaya, ya dafa ƙafar tebur da ɗayan. Da ya yunƙura sai wani nishi ya fito masa, gajere, mai kauri, daga can ƙasan ƙirji. Ba na wasa ba ne. Nishin dattijo ne da ƙashinsa ya bugu. Ya biyo shi da wani ɗan gunaguni, kamar mai ce wa kansa to, tashi mana. Makirufo ya kwashe duka.

Hannun Mama ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Ta ce, "Shi ne."

Na juyo na dube ta.

"Haka yake yi in zai tashi daga kujera. Shi ne, 'yar nan. Baba ne."

Hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba. Ni ma nawa ya zo, na farin ciki da na tausayi a haɗe, don ta samu abin da take nema, amma a inda ya ji ciwo ta same shi. Ita ma ta gane haka. Ta tambaye ni a hankali ko ya tsufa sosai a wajen, na ce ya tsufa. Ta tambaya ko da kafaɗa ya sauka, na ce kullum da ta hagu yake sauka, kuma ya iya sauka, ba wanda ya kai shi iyawa a duk fina-finan da na kalla. Ta gyaɗa kai, fim ɗin yana ta tafiya ba mai kula shi.

Sannan ta gyara zama, ta jawo hannuna da lasifikar ta manna a kunnenta, ta rufe ido.

Ta ce, "Allah ya yafe min. Sake kayar min da shi."

Na mayar da fim ɗin baya zuwa inda ya shigo da tire, wannan karon ban kawar da kai ba.